Matata ta canja tun da ta haihu: shin magana na iya zama magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da matata ta haihu, haihuwarta ta uku. Tun bayan suna ba ta dawo daidai ba. Sai kuka ba dalili, ba ta barci ko da yaron ya yi barci, abinci sai an matsa mata, kuma kullum tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. A gida wasu sun ce iska ce, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Ma'aikaciyar asibitin unguwarmu ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ta ce ta riƙa zuwa duk mako suna zama suna magana. Ni dai ban gane ba. Magana magani ce? An taɓa gwadawa an ga ta yi aiki? In kuma ƙwaya za a ba ta, ba za ta cutar da yaron da take shayarwa ba?
Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ba maijego lafiya. Abin da ka lissafa ya yi daidai da abin da ma'aikaciyar ta faɗa, kuma ba matarka kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da irin wannan larura bayan haihuwa.

Kafin mu shiga batun bincike, akwai abu uku da mutane ke haɗawa a kwano ɗaya. Na farko shi ne ɗan kuka da saurin ɓacin rai da ke zuwa wa mata da yawa kwana uku zuwa biyar da haihuwa, ya wuce da kansa kafin mako biyu. Na biyu ciwon damuwa, wanda ke zarce mako biyu yana cin barci da abinci da walwala. Na uku kuwa rikicewar hankali ce ta jego, tana samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyun farko: sambatu, kwana da kwanaki ba barci ba kuma gajiya, jin muryoyi, ko cewa jaririn ba nata ba ne. Wannan na ukun asibiti ake kai shi a ranar, ba a jiran gobe. Haka nan idan ta ce gara ta mutu, ko ta ce tana tsoron kada ta illata yaron. Ka tambaye ta kai tsaye, cikin natsuwa, ko irin wannan tunanin na zuwa mata. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Idan ta amsa da e, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, a tafi asibiti.

To, magana magani ce? Ba kowace magana ba. "Ki yi haƙuri, ki gode wa Allah da kika sauka lafiya" nasiha ce mai kyau, amma ba ita ake nufi ba. Abin da ake nufi zama ne mai tsari, da adadi, da aikin da za a yi a gida kafin zama na gaba, kamar yadda ƙwaya ke da awo da lokacin sha.

Gwajin da ya fi dacewa da halinku an yi shi ne a ƙauyukan Rawalpindi a Pakistan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Atif Rahman, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2008. Al'umma ce ta Musulmi, gidaje na gandu, likitan ƙwaƙwalwa kuma sai an yi tafiya. An ɗauki mata 903 masu tsohon ciki da aka tabbatar suna da ciwon damuwa, a gundumomi 40. Aka jefa ƙuri'a: rabin gundumomin ma'aikatan lafiyarsu mata, masu zagaya gida-gida, suka samu horo kan wannan zama mai tsari, sauran rabin kuma ma'aikatansu suka ci gaba da ziyara adadi ɗaya amma ba tare da tsarin ba. Ƙuri'ar ita ce ginshiƙin irin wannan bincike. Ciwon damuwa yakan yi sauƙi da kansa ga wasu, saboda haka idan ba a ajiye rukunin da za a kwatanta da shi ba, duk abin da aka ba majiyyaci sai a zaci shi ya warkar. Masu tantance matan daga baya ma ba a sanar da su wace ce ke wane rukuni ba, don kada son rai ya shiga.

Zama 16 aka tsara: huɗu a watan ƙarshe na ciki, uku a watan farko na jego, sannan sau ɗaya a wata har tara. Da jarirai suka kai wata shida, kashi 23 cikin 100 na matan da suka samu tsarin ne ke da sauran ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. Bayan shekara guda, 27 da 59. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma ba likitoci suka yi aikin ba. Jariran rukunin farko sun fi samun cikakken riga-kafi, gudawa ta ragu a cikinsu, iyayensu maza da mata sun fi wasa da su. Sai dai nauyi da tsawon yaran, wanda masu binciken suka sa rai zai bambanta, bai bambanta ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin a matsayin jagora ga ma'aikatan lafiya na matakin farko, da suna mai ma'anar Lafiyayyen Tunani.

Ga yadda zama ɗaya ke kasancewa. Maijego ta ce, "Nonona ba ya ƙosar da shi, ni ban iya komai ba." Ma'aikaciya ba za ta ce mata ta daina faɗin haka ba. Sai ta tambaye ta abin da take yi idan tunanin ya zo. Ta ce takan kwanta ta juya wa ɗakin baya, ta ƙi cin abinci, yaron ya yi ta kuka, kukan kuma ya ƙara tabbatar mata da cewa ta gaza. Nan ne zaren ciwon yake: tunani ya haifi janyewa, janyewa ta haifi abin da zai ƙarfafa tunanin. Sai su buɗe katin awon yaron tare, su ga layin nauyinsa yana hawa tun daga haihuwa. "Wa ya shayar da shi har ya kai haka?" Daga nan su samo wata magana da za ta maye gurbin ta farko, wadda ita da kanta ta yarda gaskiya ce, misali "Na gaji, amma yarona yana girma a hannuna." Mataki na uku shi ne aiki: ta ci abinci sau uku, ta fito tsakar gida da hantsi na minti goma sha biyar, ta yi wa yaron wasa bayan wanka, ta riƙa sa alama a takarda duk ranar da ta yi. Mako mai zuwa da takardar za a fara. Abu uku ake bi da bi: lafiyar ita uwar, shaƙuwarta da jaririn, da zamanta da mutanen gida.

Ba duk gwaji ne ya ba da sakamako mai haske irin wannan ba. Da aka sauƙaƙa tsarin aka miƙa shi ga matan unguwa 'yan sa-kai a Pakistan da jihar Goa ta Indiya, sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna amfani, amma bai kai na farko ba. A nan gida kuma, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada mata 686 a asibitocin awo na jihar Oyo. Wasu aka ba su zama mai zurfi na koyon warware matsala, wasu kuma kulawa mai sauƙi daga ma'aikatan da aka horar su gane ciwon su yi bayani su riƙa bibiya. Wata shida bayan haihuwa, kusan kashi 70 na rukunin farko sun warke, na biyu kusan 66, wato babu wani bambanci na a zo a gani, sai ga waɗanda ciwonsu ya yi tsanani tun farko, su ne zama mai zurfin ya fi amfana. A fahimtarmu wannan albishir ne ga irin asibitin unguwarku: ma'aikaciyar da ta gane ciwon, ta kira shi da sunansa, ta ce a dawo duk mako, ta riga ta yi babban kaso na aikin.

Inda ake samun matsala sananne ne. Ana zuwa sau biyu a daina saboda kuɗin mota ko don an ga ɗan sauƙi. Zaman na rikiɗewa ya koma hira ko wa'azi ba aikin gida. Ko kuma a yi ta zama ba a auna ko ana ci gaba. Akwai ma'aunin Edinbura, tambayoyi goma kan kwana bakwai da suka wuce, kowace da maki 0 zuwa 3, jimilla 30. Maki 13 zuwa sama na nuna akwai yiwuwar ciwon sosai. Ka roƙi ma'aikaciyar ta cika shi yanzu, ta sake bayan mako huɗu zuwa shida. Idan makin bai sauko ba, lokacin ganin likita ya yi, kuma kuna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

A duba jikinta ma. Ƙarancin jini bayan haihuwa na kawo kasala da jiri, haka rikicewar ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod. Idan akwai haki, kumburin ƙafa, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a duba zuciya da gaggawa, domin an daɗe da sanin ciwon zuciya na masu jego ya yi yawa a yankin Zariya da Kano.

Batun ƙwaya kuwa, ana ba da ita idan ciwon ya yi nauyi, ko an yi zaman bai wadatar ba, kuma shayarwa ba ta hanawa. Wadda likitoci suka fi zaɓa wa mai shayarwa ita ce wadda ake rubutawa sertraline a jikin kwali, don abin da ke ratsawa cikin nono kaɗan ne ƙwarai. Akan fara da miligiram 25 ko 50 sau ɗaya a rana. Makon farko tana iya kawo tashin zuciya ko ciwon kai, amfaninta kuma ba ya bayyana sai bayan mako biyu zuwa huɗu. A wannan tsakanin ne mutane da yawa ke yarwa su ce ba ta aiki. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, sau da yawa tara zuwa goma sha biyu, sannan a rage a hankali da sanin likita, don yankewa farat ɗaya na kawo jiri da dawowar ciwon. Wata ƙwayar damuwar, fluoxetine, ta fi daɗewa a jikin jariri, shi ya sa ba ita ake fara zaɓa ba. Amitriptyline ta fi araha kuma tana aiki, amma tana sa barci da bushewar baki, kuma shan ta da yawa lokaci guda na iya tsayar da zuciya, saboda haka a hannunka za ta zauna, nesa da yara. Kowacce aka ba ta, a lura da yaron: yawan barci fiye da kima ko ƙin kama nono, a koma a faɗa. A kuma sanar da likita idan ta taɓa shiga wani yanayi na yawan surutu da rashin barci da ɓarnar kuɗi na kwanaki, ko wani a danginta ya taɓa, domin ga mai irin wannan ciwon, shan ƙwayar damuwa ita kaɗai na iya tayar mata da shi. Maganin barci na kemis irin diazepam ba ya warkar da damuwa, sabo kawai yake sawa, yana kuma kasalar da jariri.

Game da ruƙiyya, ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Wani gwaji da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya na shiga suna aiki tare da su. Ciwon da aka gwada a can daban ne da na matarka, amma ya nuna haɗin yana yiwuwa. Addu'a da karatu su ci gaba. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, turara hayaƙi a ɗakin da jariri yake, raba ta da yaronta, ko cewa ta ajiye maganin asibiti.

Naka aikin, Malam, ya fi na kowa yawa a cikin mako, don ma'aikaciya awa ɗaya take da ita. Ka samar mata barcin awa huɗu zuwa biyar a jere: ta shayar, wata 'yar'uwa ko kai ka karɓi yaron zuwa wani ɗaki. Taimakon da ake yi wa maijego yakan yanke da an yi arba'in, ita kuwa yanzu ta fi bukatarsa, ga manyan yara biyu. Ka nemi wadda za ta ɗauke mata girki da wanki na 'yan makonni. Ka zauna da Hajiya da sauran mutanen gida ka gaya musu ciwo ne mai suna da magani, ba lalaci ko raini ba, don maganar da ake yi mata a tsakar gida tana iya rushe abin da aka gina a asibiti. Ka ware kuɗin motar zama takwas tun yanzu, ka raka ta na farko, ka tambayi ma'aikaciyar wane aiki aka ba ta na wannan makon domin ku yi shi tare.