Amsa ga 'ya'yan 'yar'uwata kan karatu a Amurka ta hanyar golf

Saƙonku ya iso, kai da ƙanwarka. Kun ce kuna buga golf a filin Kaduna, kuma wani ya gaya muku jami'o'in Amurka na ɗaukar 'yan wasa su biya musu karatu kyauta. Da gaskiya a maganar, amma "kyauta" ɗin nan sai an yi mata ragi.

Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta kasa makarantu rukuni uku. Shekara da shekaru, a rukunin farko, kocin maza guraben tallafi huɗu da rabi kacal yake da su, na mata kuma shida, sai ya yayyanka su ya raba wa mutum takwas ko goma. Wani ya samu rabin kuɗin makaranta, wani kwata, wani littattafai kawai. A 2025 an sauya tsari: makarantun da suka shiga sabuwar yarjejeniya za su iya biya wa kowa, amma ƙungiya ba za ta wuce mutum tara ba. Ƙofar ta ƙara matsewa ke nan. Rukuni na uku kuwa ba sa ba da tallafin wasa ko sisi.

Ke 'yata, kin fi yayanki dama. Dokar Title IX ta 1972 ta hana makarantu fifita maza a kan mata, har a wasanni, kuma 'yan mata masu buga golf ba su kai maza yawa ba. Sai dai kada ki ɗauka sauƙi ne. Annika Sörenstam, shahararriyar 'yar wasan golf daga Suwidin, ta je Jami'ar Arizona ta ci gasar jami'o'i ta ƙasa a 1991, kuma har yau daga Turai da Asiya ake cika ƙungiyoyin nan.

Abin da koci yake nema shi ne sakamakon gasa a rubuce, ba labarin cewa kun fi kowa a kulob ba. Ku shiga gasannin da ake lissafawa a jadawalin duniya na 'yan wasan da ba ƙwararru ba, wato WAGR, ko da sai kun tsallaka wata ƙasa. Ku ɗauki bidiyon bugunku, ku rubuta wa kocin da kanku. Kada ku biya wani dillali da ya yi muku alƙawarin gurbi. Ku yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, ku tura sakamakon WAEC, kuma kafin ku karɓi kuɗin kyauta a kowace gasa ku bincika ƙa'ida.

Wahalar ma ku san da ita. Mutum biyar ake tafiya da su gasa, a lissafa makin huɗu, don haka kullum da abokan ƙungiyarku kuke takara. Sau da yawa ramuka 36 ake bugawa a yini ɗaya, a ƙafa, jaka a kafaɗa, kuma azumi na iya faɗowa a tsakiyar kakar wasa. Ku yi wa koci wannan maganar tun farko.

Jami'ar Stanford, inda shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods ya yi karatu, ku ajiye ta gefe tukuna. Ku duba rukuni na biyu, da ƙananan kwalejojin shekara biyu, da Jami'ar Howard a Washington, wadda ɗan wasan ƙwallon kwando Stephen Curry ya ɗauki nauyin ƙungiyoyinta na maza da mata a 2019. Kuma ku zauna da babanku kan ragowar kuɗin, domin ofishin jakadanci zai nemi shaidar cewa kuna da kuɗin kafin ya ba da biza.

Kawunku