Don Me Aka Kira Kakata Juji?

Wata mai karatu daga Zariya ta aiko da tambaya cikin ɓacin rai. Kakarta ce ta rasu, tsohuwar da ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne cike da gida. Ranar sadakar uku wani dattijo ya zo gaisuwa, ya ce, "Allah Ya jiƙan Iya, ai ita juji ce." Ta ce da ba don kunyar furfurarsa ba da ta mayar masa da martani.

'Yata, gara da kika haɗiye, domin yabo ne ya yi mata, kuma babba. Karin maganar ita ce, "Babba juji ne, kowa ya zo da shararsa sai ya zuba." Dubi juji a bayan gida. Toka, ƙaiƙayi, kashin awaki, fasasshen kasko, duk can ake kai su, bai taɓa mayar wa kowa da kayansa ba. Haka ɗakin tsohuwa yake a babban gida. Matar ɗa ta yi yaji, can za ta fara zama ta yi kukanta. Kishiyoyi sun yi cacar baki a kan murhu, can za a kai ƙara. Jika ya ɓata kuɗin aike, bayan gadonta zai ɓuya. Ta ji na wannan ta ji na wancan, ta rufe bakinta, ba a jin sirrin ɗaya a bakin ɗaya. Kada kuma ki manta, manomi ya san darajar juji: idan damina ta gabato, shi ake kwashewa a kan jaki a kai gona ya zama taki. Ina jin dattijon nan ya ga abin da ke ba ki gani ba, watakila shi ma ya taɓa zuba tasa sharar.

Kin kuma tambayi ma'anar marigayiya. Daga "rigaya" ta fito, wato wadda ta riga mu gidan gaskiya. Bahaushe yana jin nauyin cewa mutumin kirki "ya mutu", sai ya ce ya rasu, ko Allah Ya yi masa cikawa. Akuya ce ke mutuwa ba a sakaya ba.

Sai batun da ya fi ba ni dariya a wasiƙarki, cewa wasu jikoki sun ɗaura zanenta, suna dogara sandarta suna kwaikwayon tafiyarta, ana tsakar makoki. Ba rashin tarbiyya ba ne, wasan jika ne. Tun tana raye ai tana kiran jikanta namiji "maigidana", ke kuma "kishiyata", kuna ce mata ta cika rowar goro. Idan tsoho ya cika da yawan shekaru, jikoki kan yi wannan tsokana har sai iyaye sun ba su 'yan kuɗi sun sallame su. Malamai da yawa ba sa son abin, a birane ma ya ja baya ƙwarai.

Idan aka haifi mace a gidanku nan gaba, za ki ga an sa mata sunan marigayiyar, amma ba mai iya kiransa gatsau. Ummi za a riƙa ce mata, ko Iya, ko Mama, har ta girma wasu ba su san sunanta na yanka ba.