Tun Da Ɓarin Jikinta Ya Shanye Hausar Mahaifiyata Ta Sauya

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ta fara takawa, amma maganarta ta sauya. Bakanuwa ce gaba da baya, yanzu kuwa sai ka rantse baƙuwa ce mai koyon Hausa. Yaran unguwa na kwaikwayonta, har ta daina zuwa biki. Kawuna ya ce aljani ne ke magana da bakinta.

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, 'yar'uwa. Ba wani yare ta ɗauko ba. Ciwon ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai tsara motsin harshe, leɓe da maƙogwaro, galibi a ɓangaren hagu. Hausa kuwa ba ta ɗaga ƙafa a nan: karin sauti ne ya raba kukan hawaye da kukar miya, tsawon wasali ya raba garin Kano da garin tuwo. Da waɗannan sun goce, ƙ ta koma k, sai kunnen mai sauraro ya laƙaba mata wata ƙabila, a ce tana gwaranci, kalmar da ita kanta raini ce ga Gwarawa.

A 1941 ɓarɓashin bam ya ji wa wata mata rauni a ka a birnin Oslo, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da Norway. Ta farfaɗo da magana mai kama da ta Bajamushiya, masu shaguna suka daina sayar mata da kaya. Likitanta, Monrad-Krohn, ya wallafa labarin a 1947. Su sun ga maƙiyi, mu muna ganin aljani.

Maganar kawu ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum ina jin ta. Mutum ya tashi baki a karkace, harshe ya yi nauyi, sai a ce iska ce ta buge shi. A rufe ɗaki a turnuƙe shi da hayaƙi, a ɗura masa jiƙo alhali haɗiya ta gagare shi, ruwan ya gangara huhu. Na ga wanda aka zane da bulala wai a kori mai maganar. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa 4 da rabi da fara ciwon ake ba da shi, su kuwa sai bayan kwana uku suke kawo mana mara lafiya, an sayar da akuya an biya boka. Addu'a ba ta taɓa hana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba. A yi ta a mota, a kan hanyar asibiti.

Ki nemi asibitin koyarwa su haɗa ku da masu gyaran magana, kuma kada ta yi wasa da maganin hawan jini. A gida ku bar ta ta ƙarasa zancenta, kada ku riƙa cafe mata kalma. Ki samu iyayen yaran nan. Biki kuma ku fara da sunan cikin dangi, ki zauna kusa da ita.