Shin ƙwaƙwalwa na riga mutum yanke hukunci?

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. Ni ɗalibin likitanci ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Wani abokin karatuna ya kafe cewa masana sun gano ƙwaƙwalwa tana yanke hukunci tun kafin mutum ya san ya yi niyya, saboda haka zaɓi ruɗu ne kawai. Maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske kimiyya ta tabbatar da haka?

Amsa: Amin, ɗana. Abokinka ya ji wani abu mai tushe, sai dai ya ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Asalin maganar gwajin Benjamin Libet ne, masani a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, wanda aka wallafa a 1983. Ya manna wa mutane wayoyin na'urar EEG a fatar kai, irin wadda ake duba masu farfaɗiya da ita, ya ce kowa ya motsa hannu duk sa'ar da ya ga dama, yana kallon wani agogo mai saurin juyawa don ya faɗi lokacin da ya ji niyyar ta zo masa. Sai aka ga wani lantarki yana tasowa a ƙwaƙwalwa kimanin rabin sakan kafin motsin, alhali mutum bai ji niyyar ba sai saura kamar kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A 2008 wasu masana a Jamus, ƙarƙashin John-Dylan Haynes, sun yi amfani da na'urar hoton ƙwaƙwalwa suka hango maɓallin da mutum zai danna, na dama ko na hagu, sakanni da dama kafin ya danna. Sai dai sun dace ne sau 60 kacal cikin 100, kuma mai canka da ka ma yana samun 50.

Yanzu dubi yadda aka samo wancan lantarki na Libet. Ba a ganinsa sarai a gwaji guda. Sai an tara motsi masu yawa, an koma baya daga lokacin motsin, an fitar da matsakaici. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka nuna cewa lantarkin ƙwaƙwalwa dama can yana hawa yana sauka da kansa, kuma idan babu dalilin da zai sa mutum ya motsa yanzu ko anjima, motsin ya fi faruwa sa'ar da hawan ya kai wani mataki. Kamar gulbin Rima ne: wanda ya duba ranakun ambaliya kaɗai zai ga kullum ruwa ya ɗaga kafin ta, ya manta da sau nawa ruwan ya ɗaga ya koma ba tare da ya ci gonar kowa ba. Shi kansa Libet bai yarda cewa ya rushe zaɓi ba; ya ce mutum yana da damar fasa motsin kafin ya auku. Kuma ina alaƙar murza yatsa babu dalili da shawarar aure, ko ƙin karɓar cin hanci bayan an kwana ana tunani?

Akwai wurare biyu da awo ba ya isa. Cewa "da na so da na yi akasin haka" ba ya gwaduwa, domin babu mai mayar da lokaci baya ya sake sa mutum cikin hali ɗaya tak. Na biyun ya fi zurfi. Za mu iya bin sawun saƙon ciwo daga yatsa zuwa ƙwaƙwalwa, mu ga yadda allurar barci ke gusar da hayyaci a ɗakin tiyata, amma dalilin da ya sa aikin ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 yake zuwa tare da jin zafi a jika, wannan har yau babu amsar da masana suka haɗu a kanta. Masanin falsafa David Chalmers ya kira shi matsala mai wuya a 1995. Musulmi zai tuna aya ta 85 ta Suratul Isra'i game da ruhi da ƙarancin ilimin da aka ba mu, ko da yake ba na so ka ɗauke ta hujjar barin bincike.

Gardamar ma ta girmi na'urori. A cikin ƙungiyoyin aƙida na Musulunci, Jabariyya sun ce bawa tilasta shi ake yi, Ƙadariyya suka ce shi ke halittar aikinsa, Imam Ash'ari ya zo da kasbu: Allah ke halittar aiki, bawa ke ɗaukarsa da niyyarsa, kuma a kan aƙidarsa malaman Sakkwato na zamanin Shehu suka karantar.

Inda kimiyya ke da bakin magana sosai shi ne matakan iko da kai. Ciwo ko rauni a gaban ƙwaƙwalwa na iya mayar da mai kunya marar kamun kai, kuma za ka gamu da irinsu a asibiti. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga yaro da mai barci da wanda hankalinsa ya gushe, kuma sau da yawa likita ake kira ya tantance ko marar lafiya ya shiga rukuni na ukun.