Me mai kumburin ciki zai saya a 'Yan Lemo?

Tambaya: Likita ya ce bangon cikina ya kumbura, kuma abin ya daɗe. Maigida kan biya ta kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ya yo mana sayayya, amma ni yanzu kowane ɗan itace tsoro yake ba ni. Wanne ya kamata ya riƙa sayowa? Daga wata uwargida a Hotoro.

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Kada tsoro ya raba ki da kayan marmari. Ki ce masa ya fara da gwanda nunanniya, ayaba da kankana, don ba su da tsami sosai, galibi ciki na karɓar su lami lafiya. Lemon zaƙi, lemon tsami, abarba da mangwaron da bai gama nuna ba su ne suka fi tayar da zafin. Haka kunun tsamiya da zoɓo. Amma ciki ba ɗaya ba ne. Ki gwada abu guda, kaɗan, bayan kin ci abinci. Wanda ya tayar miki ki ajiye shi, wanda ya zauna lafiya ki ci gaba.

Ya sayo cikakke a wanke a yanka a gida. Yankakken da ke kan faranti a bakin titi, ƙura da ƙuda sun riga ku.

Abin da ya fi damuna shi ne, mutanenmu kan ɗora wa lemo laifi su bar mai laifin. Yawancin kumburin da ya daɗe, wata ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke haddasa shi, wadda likitocin Ostireliya biyu, Marshall da Warren, suka samu kyautar Nobel a 2005 saboda gano ta. Ana gane ta ta gwajin bayan gida ko na numfashi, maganinta kuma na kimanin mako biyu ne. Ki tambayi likitanki ko an yi miki wannan gwajin. In kina shan omeprazole, maganin rage zafin ciki, ki faɗa masa, don maganin kan ɓoye ƙwayar a gwaji.

Sai magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis ba tare da takarda ba, irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin. Waɗannan suna cin bangon ciki fiye da duk abin da ke kwandon maigida. Madara kuwa takan sanyaya na ɗan lokaci, zafin ya dawo.

In kika ga bayan gida baƙi ƙirin, ko aman jini, ko rama ba dalili, ki tafi asibiti a ranar.