Toksofilazma da ba da jini: amsar likita ga masu karatu daga Kebbi

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan cuta ɗaya, toksofilazma, wadda wata ƙwayar halitta mai suna Toxoplasma gondii ke haddasawa. An fara gano ƙwayar a 1908 a jikin wani ɗan ɓeran daji a ƙasar Tunisiya, kuma a cikin hanjin kyanwa da danginta kaɗai take yin irin ƙwan da ke fita da kashi ya gurɓata ƙasa.

Daga wani magidanci a Birnin Kebbi: Likita, na saba ba da jini duk bayan 'yan watanni. An yi mini wani gwaji aka ce ina da toksofilazma IgG. Lafiyata ƙalau. In daina ba da jini ke nan?

Malam, kada ka daina, Allah ya saka maka da alheri. Abin da gwajin ya gani ba ƙwayar cutar ba ce, shaidar da garkuwar jikinka ta ajiye ce. IgG kan bayyana mako 1 zuwa 2 bayan kamuwa, kuma yakan zauna har ƙarshen rayuwa. Mai yiwuwa tun kana yaro ka kamu, ta wasan ƙasa ko ta naman da bai gama gasuwa ba, ka warke ba ka sani ba. Haka abin yake ga mafi yawan masu lafiya: ko dai ba alama sam, ko ɗan zazzaɓi da kasala da kaluluwa a wuya, a ɗauka maleriya ce ko mura.

Bayan wannan zangon farko, ƙwayar takan bar jini ta lafe cikin ƙananan ƙulli a tsoka da ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki tana tsare da ita. Tunda ba ta yawo a jini, ledar da ka bayar ba ta ɗauke da haɗarin da kake tsoro. Inda ake taka-tsantsan shi ne sabon kamu, lokacin da ƙwayar ke zagayawa cikin fararen ƙwayoyin jini. Dokar Tarayyar Turai, misali, ta ce a jira wata 6 bayan warkewa kafin a sake bayarwa.

Duba takardarka ko gwajin ya nuna IgM, wato shaidar garkuwa da ke fara fitowa a sabon kamu. Idan babu shi, tsohon kamu ne. Idan akwai shi ma ba a yanke hukunci nan take, domin IgM kan daɗe watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma yakan fito bisa kuskure. Sai a sake gwaji bayan mako 2 zuwa 3 a ga ko IgG na hawa. Ranar da za ka ba da jini kuma, idan ka yi zazzaɓi kwanan nan ko kana da kaluluwa, faɗa wa ma'aikacin kafin a sa allura. Wannan gaskiyar ta fi kowane gwaji arha.

Daga wani uba a Yauri: Ɗana mai sikila ne, ana yawan yi masa ƙarin jini. Me ya sa ba a gwada jinin don wannan cuta?

Allah ya ba yaron lafiya. Cututtuka huɗu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi a gwada kowace leda a kansu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da tunjere. Toksofilazma ba ta ciki, har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. Dalili biyu ne. Na farko, kamuwa ta ƙarin jini abu ne mai wuyar aukuwa, kuma 'yan lokutan da aka tabbatar sun fi shafar masu sankarar jini da aka ƙara wa fararen ƙwayoyin jini zalla. Na biyu, da za a zubar da duk ledar da ta nuna IgG, da an yi asarar jini mai yawa wanda ba shi da aibu, alhali mata na mutuwa wurin haihuwa saboda rashin leda ɗaya.

Sanyin firiji ba ya kashe ƙwayar idan ta riga ta shiga leda, don haka kariyar tana wurin zaɓen mai bayarwa. Ka tabbata an yi waɗancan gwaje-gwaje huɗun, an kuma haɗa jinin da na yaron an ga sun dace. Ka guji masu sayar da jini a bakin asibiti, domin wanda ke neman kuɗi ba zai faɗa maka ya yi zazzaɓi shekaranjiya ba. Ɗan'uwa ko ɗan sa-kai mai lafiya ya fi. Idan zazzaɓi ya zo bayan ƙarin jini, a koma asibiti a ranar, kuma a fara duba maleriya, don ita ta fi kusa a wurinmu.

Daga wani mahauci a Jega: Sana'ata fawa da tsire. An ce mu muka fi kamuwa. Gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya, Malam. Naman tunkiya da na akuya sun fi na saniya ɗaukar ƙullin ƙwayar, kuma ido ba ya ganinsa, naman kan yi kyau sumul. Taɓawa kaɗai ba ta cika sa kamuwa ba, hanyar baki ce matsalar: riƙe wuƙa da haƙori ana fiɗa, cin goro ko shan sigari da hannu mai jini, ɗanɗana hanta ko tsoka tun ba ta nuna ba. Idan akwai yanka a hannu a rufe shi kafin aiki.

Wuta ke kashe ta. Dunƙulen nama yana buƙatar cikinsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas sannan a bar shi ya huta minti 3, niƙaƙƙen nama kuma digiri 71. Wanda ba shi da ma'auni ya yanka wurin da ya fi kauri: kada a ga ja, kada ruwan da ke fita ya zama mai jini-jini. Balangu ya fi tsire wannan matsala, domin wuta mai ƙarfi kan ƙona bayansa ciki na ɗanye, musamman idan masu saye sun yi layi ana sauri. Ga masu kilishi, shanya a rana da gishiri da yaji ba abin dogaro ba ne, gashin ƙarshe a kan garwashi shi ne ke gama aikin, kada a taƙaita shi. Kuskuren da na fi so a gyara shi ne yanka albasa da tumatir da kabeji da wuƙar da aka yanka ɗanyen nama, a kan katako ɗaya. An gasa naman da kyau, sai a mayar da ƙwayar ta kayan haɗi. Wuƙa biyu, katako biyu, da sabulu. Haka ma guntayen ɗanyen nama da ake jefa wa kyanwowin mahauta, su ke sa zagayen cutar ya ci gaba.

Fawa ba ta hana ka ba da jini.

Daga wata mai juna biyu a Argungu: Cikina wata huɗu. Muna da kyanwa saboda ɓeraye a rumbu. Surukata ta ce a kore ta. Mijina kuma an taɓa ce masa yana da cutar.

'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Mijinki ba zai sa miki ita ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya ba. Ita ma kyanwar ba sai an kore ta ba, amma damuwar surukarki tana da tushe, domin mai ciki ce wadda wannan cuta ta fi yi wa illa idan kamun farko ya zo mata a lokacin goyon ciki. Ƙwayar kan ratsa mahaifa. A kusan mako 13 na ciki yiwuwar ta kai ga jariri kimanin kashi 15 cikin 100 ne, amma idan ta kai ɓarnar ta fi muni: ɓari, taruwar ruwa a kai, lalacewar ido. Zuwa mako 36 yiwuwar kan kai kusan kashi 70, sai dai jaririn kan zo kamar lafiya, matsalar gani ta bayyana bayan shekaru.

Kyanwa kan fitar da ƙwan na mako 1 zuwa 3 ne kawai bayan ta kamu, kuma 'yan ƙanana sun fi. Ƙwan ba ya iya cutarwa sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Saboda haka a kwashe kashinta kullum, kuma wani ya kwashe, ba ke ba. Kada ki karɓi sabuwar 'yar kyanwa yanzu. A rufe tarin yashi da buhunan hatsi, don nan suke son yin kashi.

Abin da ya fi kyanwar gidanku haɗari shi ne ƙasar fadama. Zafin bazara da bushewa kan kashe ƙwan a fili, amma a ƙasa mai danshi da inuwa yakan rayu fiye da shekara. Latas, karas da kabeji na lambu a wanke su ganye-ganye da ruwa mai tsabta, ko ki tsaya kan dafaffe har ki haihu. Ruwan gulbi ko na rijiya marar murfi a tafasa shi, domin sinadarin kulorin ba ya kashe wannan ƙwan. Madarar akuya ma a tafasa. Idan kina kwaɗayin cin ƙasa, ki faɗa a wurin awo, sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Ki nemi gwajin IgG da IgM. Idan aka tabbatar sabon kamu ne akwai magani, kuma ya danganta da watannin cikin. Fansidar da ake ba ku a awo na rigakafin maleriya ne, kada ki ƙara yawansa da kanki da sunan maganin wannan.

Daga wani ɗalibin kimiyyar gwaje-gwaje a Aliero: Mutum nawa ne cikin masu ba da jini ke da ita?

An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa. A Amurka kimanin kashi 11 cikin 100 ne na waɗanda suka kai shekara 6, a wasu yankuna masu zafi da danshi kuma ya wuce kashi 60. Idan ka ga adadi daga masu ba da jini, ka yi masa tambaya uku. IgG aka auna ko IgM? Na farko tarihin kamuwa yake nunawa, ba yawan jini mai haɗari ba. Su wa aka auna? Masu ba da jini a wurinmu galibi maza ne matasa, don haka adadinsu ba ya wakiltar mata masu ciki, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Da wane kayan gwaji? Ɗan tsinken gwajin gaggawa da na'urar ELISA ba sa ba da sakamako ɗaya.

Daga wata baiwar Allah a Zuru: Ina shan maganin ƙanjamau. Me ya sa ake haɗa mini da Septrin?

Saboda tsohon ƙullin da ya lafe a ƙwaƙwalwa kan farka idan garkuwa ta faɗi, musamman idan CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwa a jini, ya yi ƙasa da 100. Septrin na hana hakan, ya kuma kare huhu. Kada ki ajiye shi sai likitanki ya ce. Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi tafiya, rikicewar tunani, jijjiga, ko mutuwar ɓarin jiki, a kai ki asibiti a ranar, a kuma gaya musu magungunan da kike sha.