Takardar sakin hannu ta hana ni bin mijina

Salamu alaikum Gwaggo. Daga unguwar Birni nake rubuto miki, nan Damagaram. A 2019 mijina na fari ya sake ni, ya rubuta da ajami a fallen littafin ɗan makaranta, gaban kawuna da limamin unguwa. Na yi idda, a 2022 na auri wani mai aiki a Faransa. Sai da na je ƙasa maƙwabciya neman biza, tunda an rufe ambasad ɗinsu ta Yamai farkon 2024. Makon jiya amsa ta zo: an hana, wai babu shaidar auren fari ya mutu. Tsohon mijin yana Agadas, ba ya ɗaukar wayata. Uwar mijina har ta fara habaici. Wani ya ce in ba shi jika hamsin ya haɗa mini takarda. In bayar?

'Yar Birni

Ɗiyata, riƙe kuɗinki. Takardar jabu in aka gane ta, har ta gaskiyar da za ki kawo daga baya sai an yi mata kallon zargi.

A addini sakinki ya tabbata. Masu ba da biza kuwa hatimin hukuma suke nema, kuma fallen littafi ba shi da shi. Ɗauki takardar nan ki tafi kotu da kawunki da liman, ki nemi alƙali ya tabbatar da sakin a rubuce, sannan a shigar da shi rajistar meri, wato ofishin magajin gari. Ki sa ido sosai kan kwanan wata: dole takardar ta nuna 2019 aka yi sakin. In ta nuna bana kawai, a idonsu kin yi aure kan aure. Ajamin kuma mai fassara da ya yi rantsuwa a kotu zai mayar da shi Faransanci. Tsohon mijin, kawunki ya neme shi, maza sun fi jin kunyar juna.

Amma lokaci ne babban abin tsoro. Kwana 30 gare ki daga ranar da amsar ta iso hannunki, ki kai kuka ga hukumar sake duba hana biza da ke birnin Nantes. Mako guda ya riga ya tafi, don haka mijinki ya nemi lauya a can ya aika wasiƙar, ko takardar alƙali ba ta fito ba. In suka yi shiru wata biyu, hanawa ce, daga nan sai kotun harkokin mulki ta Nantes.

Uwar miji kuwa, kai mata goro ki gaishe ta, ki ce magana tana gaban alƙali.